Yadda Ake Nemo Safayar Tsohuwar Mota: Jagora ga Masu Fijo 404, 504 da Sa'o'insu

Shekara talatin baya, wanda safayar fijonsa ta ɓace ba ya rasa barci a kanta. Kowane gareji daga Kano zuwa Maraɗi za ka tarar da rim ɗin 504 jingine da bango, wani ma an mai da shi murhu. Kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motocin Peugeot a 1975, 504 ta zama motar gwamnati, ta zama motar tasha, ta zama motar ɗan kasuwa. Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000. Yau lamarin ya juya. Wanda ya gaji 404 ta mahaifinsa, ko ya sayi tsohuwar 504 ya farfaɗo da ita, ko yake riƙe da Volkswagen Beetle ko Marsandi ta shekarun 1970, idan ya shiga kasuwa neman ƙafa ta biyar, yaran shago da yawa ba su ma taɓa riƙe irinta ba.

Abin da ya fi jefa mutane cikin asara shi ne shiga kasuwa da sunan mota kawai. Mai kaya zai ce maka, "Fijo ai fijo ce, Alhaji, zai shiga." Ba yaudararka yake son yi ba, bai sani ba ne. Rim ɗin 406 da na 504 duk na Peugeot ne, duk huji huɗu-huɗu, amma ko da guduma ba za su zauna a gurbin juna ba. Da awo ake zuwa neman rim ɗin tsohuwar mota, kuma awon a jikin motarka yake.

Fara da cire ƙafa ɗaya, ta gaba ta fi. Motar da ta yi shekara arba'in ko hamsin ta ratsa hannaye da yawa, don haka leƙa sauran ukun ka tabbatar iri ɗaya ne kafin ka ɗauki ɗaya a matsayin ma'auni. Wanke rim ɗin, ka goge shi da buroshin waya, ka nemi rubutun da aka buga a jikin ƙarfen, galibi tsakanin hujojin ko a ciki inda taya ke rufewa. Za ka ga wani abu kamar 5J x 14: faɗin rim inci 5, tsayinsa inci 14. Wani yana da ET da lamba a gabansa, za mu zo kansa. Sannan ka shimfiɗa kwali mai kauri a fuskar da ke zama kan hob, ka zana hujojin ƙusa da na tsakiya, ka yanke su. Wannan kwalin shi zai rage maka wahalar ɗaga ƙarafa a kasuwa, domin da ka ɗora shi kan rim za ka san wanda ma bai cancanci a tsaya a kansa ba. Tankaɗe kawai yake yi, ba ya yanke hukunci: bambancin milimita 2 kwali ba ya nuna shi.

Da'irar ƙusoshi

A nan aikin yake. Ƙusoshin da ke riƙe ƙafa a kan da'ira ɗaya suke jere, kuma faɗin wannan da'ira shi ake rubutawa bayan yawan ƙusa. Idan aka ce 4x140, ƙusa 4 ke nan a kan da'ira mai faɗin milimita 140. Mai ƙusa huɗu ba ta da wuya: auna daga tsakiyar huji zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa. Mai uku da mai biyar ba su da huji mai fuskantar wani, sai an ɗan yi lissafi. Auna tsakanin tsakiyar huji biyu maƙwabta, idan ƙusa uku ce ka ninka da 1.155, idan biyar ce ka ninka da 1.701. Wanda ya auna salun 404, mai ƙusa uku, zai sami kusan milimita 138 da rabi tsakanin maƙwabta, ya ninka ya sami 160. Samun tsakiyar huji da ido yana da wuya, saboda haka auna daga gefen hagu na wannan huji zuwa gefen hagu na wancan, tsawon ɗaya ne. Tef ɗin tela ba ya wannan aiki. Nemi rular ƙarfe, ko ka ari ma'aunin masu injin sassaƙa ƙarfe.

Salun 404, wadda Faransa ta ƙera daga 1960 zuwa 1975, 3x160 ce a kan rim inci 15, haka ma yayarta 403. Ƙananan 204 da 304 su ma ƙusa uku gare su, amma da'irarsu ta fi ƙanƙanta, kada yawan huji ya ruɗe ka. Salun 504 da 505 da 604 duk 4x140 ne, wanda ya sa mai 504 ke iya samun biyan buƙata a gawar 505. A-kori-kurar 404 da ta 504 ƙusa biyar gare su, ba ruwansu da na salun. Fijon da suka biyo baya, 405 da 306 da 406 da 206, 4x108 ne. Beetle ta Jamus har wajen 1967 tana da ƙusa 5 a kan faffaɗar da'ira ta milimita 205, rim ɗinta kusan duk tsakiyarsa rami ne, daga baya aka koma 4x130. Marsandi W123, wadda aka fara fitarwa a 1976, 5x112 ce. Tsohuwar Land Rover 5x165.1.

Akwai dangantakar da ba a zato. Tsofaffin Subaru na shekarun 1970 da 1980 su ma 4x140 ne, har masu irin waɗannan motoci a Amurka sukan bi makabartar motoci suna farautar rim ɗin fijo. Sai dai cinikin ba ya juyuwa da sauƙi, domin na Subaru galibi inci 13 ne, ƙarami ga motar da aka tsara birkinta a cikin inci 14. Citroën 2CV ita ma 3x160 ce a inci 15, daidai da 404 a takarda. Amma 2CV ba ta fi rabin nauyin 404 da yawa ba, rim ɗinta siriri ne, ƙarfensa marar kauri. Zai shiga, ba zai ɗauki kayan ba.

Mafi haɗari su ne waɗanda suka kusa dacewa. 4x98 na Fiat da 4x100 na ƙananan motocin Jafan, ko 5x112 na Marsandi da 5x114.3 na Toyota da Honda: a ido ɗaya ne, kuma da ɗan dannawa rim ɗin zai hau. Notin farko zai zauna daidai, sauran su ɗauru a karkace, kowane yana lanƙwasa ƙusarsa. Mota za ta tashi lafiya. A kan hanya ne noti zai fara kwancewa ko ƙusa ta karye, sau da yawa bayan direba ya saki jiki. Idan awonka ya faɗi tsakanin lambobi biyu, sake aunawa har sai ya tsaya a ɗaya.

Hujin tsakiya kuma dole ya wuce wuyan hob. Na Marsandi milimita 66.6 ne. Volkswagen Passat da tsofaffin Audi da yawa su ma 5x112 ne amma hujinsu 57.1, saboda haka rim ɗinsu ba ya hawa Marsandi, na Marsandi kuwa yana hawa nasu da sarari. Huji da ya ɗan fi girma ana iya haƙuri da shi a safaya muddin notunan suna daidaita rim ɗin a tsakiya, ko a sa zoben cike gurbi. Wanda ya yi ƙanƙanta kuwa zai hana rim ya kwanta a fuskar hob, kuma mai ɗaurewa da ƙarfi ba zai lura ba.

Zurfin zama da maganar noti

Rim biyu na iya yin daidai a komai, ɗaya ya nutsa cikin mota ɗaya ya turo waje. Wannan shi ne ET: nisan fuskar da ke zama kan hob daga tsakiyar faɗin rim, da milimita. Tsofaffin rim da yawa ba a buga shi a jikinsu ba, sai ka auna da kanka. Kifa rim ɗin, bayansa na kallon sama, ka gitta miƙaƙƙen katako a kan leɓensa, ka auna daga katakon zuwa fuskar zama. Yi haka ga naka, yi haka ga na kasuwa. Idan faɗinsu ɗaya ne kuma bambancin bai wuce milimita 5 ba, babu damuwa. Wanda ya nutsa da yawa zai goga shokazoba ko ya taɓa birki. Wanda ya turo zai ci bakin bodi idan an ɗauki kaya, ya kuma ƙara wa boris nauyi. Siffar cikin rim ita ma tana da magana: wanda aka yi don birkin durom yakan ƙi wuce birkin faifai ko da lambobinsu sun yi daidai. Salun 504 da yawa faifai ne gaba da baya, wasu kuma durom ne a baya, shi ya sa gwaji a ƙafa ɗaya bai isa ba.

Noti kuwa mutane sun raina shi, alhali shi ke riƙe da ran kowa a motar. Bakinsa iri uku ne: mai tsini, mai zagaye, da shafaffe mai washa. Kowane rim an yi hujinsa don ɗaya daga ciki. Noti mai tsini a huji mai zagaye a siririn layi kawai yake taɓawa, zai ji kamar ya ɗauru, kwana biyu ya saki. Rim ɗin alminiyam na 505 da notunansa na musamman yake tafiya, idan ka same shi ka nemi notunan a wurin, kada ka bari sai gobe. Marsandi da Beetle ba su da ƙusa a jikin hob, bolti ake zurawa ta cikin rim, kuma a Marsandi na rim ɗin alminiyam ya fi na ƙarfe tsawo. Wanda motarsa ke kan alminiyam, safayarsa ta ƙarfe, ya ɗaura da dogon bolti a baya, tsinin zai shige ya daki kayan birkin hannu da ke cikin faifan. Ajiye gajerun bolti biyar a leda tare da safayar. A kowane hali, zaren da ya kama ya kai aƙalla kaurin ƙusar kanta: ƙusa mai kaurin milimita 12, zare ya ci milimita 12.

Tarko ɗaya ya keɓanta da masu fijo. A 1975 kamfanin Michelin ya fito da taya mai suna TRX da rim ɗinta na daban, wanda aka auna da milimita. Wasu 505 da 604 da aka shigo da su daga Turai suna da irin wannan rim, kyakkyawa, na alminiyam, 4x140, ya hau 504 ɗinka ɗas. Tsayinsa milimita 390 ne, inci 15 kuwa 381, ga shi siffar leɓensa ma daban. Tayar inci 15 ba ta zama a kansa, kuma mai facin da ya nace da ƙarfe da iska yana wasa da hannunsa ne. Duba rubutun: idan ka ga TR da 390, ajiye shi, sai fa in kana da kuɗin yin odar tayarsa daga Turai. Kada wannan ya sa ka gudu daga 380 da za ka gani a tsohon littafin 404. Tayar da Faransawa ke rubutawa 165 x 380 ita ce 165 R15 da kowa ya sani.

Inda ake nema

Manyan kasuwanni sanannu ne: Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Ladipo a Legas, Nkpor kusa da Anaca, Katako a Yamai, Suame Magazine a Kumasi. Amma shagunan gaba kayan motocin yau suke sayarwa. Abin da kake nema yana can baya, wurin masu yanka gawar mota, ko a harabar tsohon bakanike da ke da fijo uku da ciyawa ta tsiro a cikinsu. A ganina mutum ɗaya ya fi kasuwa guda amfani, wato dattijon direban tasha da ya ja 504 shekara da shekaru. Ya san wanda ya ajiye me, kuma idan ka kai masa gaisuwa yadda ta kamata zai haɗa ka da shi. Ƙauyuka ma ba a raina su, domin amalanken shanu da na jakuna da yawa da ƙafafun tsofaffin motoci aka haɗa su, ko da yake irin waɗannan sun sha lodi, sai an duba su da kyau. Ƙasashen da Faransa ta raina sun fi riƙe fijo. A Senegal har yanzu doguwar 504 da 505 na jigilar fasinja tsakanin garuruwa. Mai hali kuma yana iya tuntuɓar L'Aventure Peugeot da ke Sochaux a Faransa, masu kula da gidan tarihin kamfanin da kayan tsofaffin motocinsa, sai dai kuɗin jirgi da na kwastan kan ninka kuɗin ƙarfen. Idan ka ci karo da lafiyayyun rim biyu, ɗauki biyun, don 'yan gwangwan a kilo suke saye su kai a narka.

In ka samu, kankare fenti a kewayen hujojin ka nemi tsaga, musamman siririya da ke tafiya daga huji zuwa huji. Hujin da ya zama dogo ko bakinsa ya cinye alama ce an yi tafiya da shi noti a kwance, ba ya gyaruwa. Duba tsatsa a kwarin ciki da wurin bawul, da inda faifan tsakiya ya haɗu da zoben waje. Sabon fenti a kan tsohon rim abin tuhuma ne. Sannan ɗaura shi a hob ɗin gaba ba tare da taya ba, ka kafa sukundireba a kan bulo kusa da leɓensa, ka juya a hankali. Idan leɓen yana kusantowa yana nesantawa fiye da kaurin tsinken ashana, ya lanƙwashe. Ƙaramar lotsawa a leɓen rim ɗin ƙarfe ana buge ta ta koma. Alminiyam da ya tsage ko aka yi masa walda, bar shi inda ka gan shi. Kafin ka biya, ku yi magana a gaban shaida cewa idan bai zauna ba za ka dawo da shi. Mafi kyau ma ka je da motar.

Za a ba ka shawarar gajeriyar hanya. Mai walda zai ce a ɗan buɗa hujin da wuta, wani ya ce a toshe a huda sabo, wani ya kawo rim ɗin Hilux mai 6x139.7 ya nuna maka huji biyu sun yi daidai da 504, saura a huda biyu. Ban yarda da ko ɗaya ba. Bakin hujin asali a masana'anta aka matsa shi ya yi tudu da mazaunin noti, sabon huji kuwa shafaffen ƙarfe ne kawai, wuta kuma tana kashe ƙarfin ƙarfen da ke kewaye. Akwai faifan da ake sayarwa mai sauya da'ira zuwa wata, kuma mai kyau yana aiki, amma yana turo ƙafa waje gwargwadon kaurinsa, ga notuna kashi biyu da za ka ɗaure. Safaya da dare ake nemanta, a gefen hanya, da fitilar waya. Abin da ke buƙatar natsuwar gareji bai dace da ita ba.

Tayar da za ta hau

Salun 504 da 175 R14 ta fito, babu lambar tsakiya, wato tsayin gefenta kusan kashi 80 cikin 100 na faɗinta. Lissafin tsayin ƙafa gaba ɗaya: faɗi sau wannan kason sau 2, a tara da incin rim sau 25.4. Ta 504 ta kama milimita 635 ko kusa. Mai taya zai miƙo maka 175/65 R14 don ita ta cika kasuwa, ya ce ai 175 ce. Tsayinta 583 ne, ta gaza da fiye da santimita 5. Mota za ta karkata, birki ya riƙa ja gefe ɗaya, idan a baya aka sa ta giyar aksil ta yi ta wahala. 185/75 R14 tana ba da 633, ta yi daidai. 185/70 R14 tana ba da 615, ta ɗan wuce iyaka. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada bambanci ya wuce kashi 3 cikin 100. Tayoyin bas masu harafin C a ƙarshe, irin 175 R14C, tsayinsu ya dace kuma ana samunsu, sai dai gefensu da tauri. A matsayin safaya za su kai ka gida.

Karanta shekarunta. A ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lamba huɗu: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Lamba uku kacal na nufin an yi ta kafin 2000, ko da zanenta bai taɓa ƙasa ba. Michelin da kansa yana cewa a sauke taya idan ta cika shekara 10, zafinmu kuwa ba ya jiran goma. Tsofaffin rim da yawa ba su da ɗan tudun ciki da ke riƙe bakin taya marar tif, wasu kuma da ribiti aka haɗa su, iska na bi ta nan. Irin waɗannan a sa musu sabon tif mai girman tayar, bayan an goge tsatsar ciki an shafa fenti.

Saura gwaji na ƙarshe. Ɗaura safayar a gaba, ka fara notunan da hannu, kowane ya shiga ba tare da gardama ba, ka ɗaure su a gicciye. Juya ƙafar tana sama ka saurara, karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, sauke motar ka zaga unguwa da mutum biyu a ciki. Cire ta ka duba ko akwai sabon gogewa a cikin rim ko gefen taya, sannan ka maimaita a baya. Gwada ta a ma'ajiyarta kuma: salun 504 a keji take ɗaukar safaya a ƙarƙashin but, taya mai faɗi ba ta shiga. Beetle a gaba take ajiyewa, mai faɗi tana hana murfi rufuwa, kuma a yawancinsu iskar safayar ce ke tura ruwan wanke gilashi, don haka mai yawan fesa ruwa ya riƙa auna ta. Tabbatar wilsifanarka ta kama notunan safayar, jak ɗinka kuma ya dace da gurbin da motar ke da shi, domin Beetle da W123 kowace da irin ramin jak ɗinta a gefe, kuma tsatsa na cin wurin.

Duk ranar da ka yi amfani da ita a hanya, tsaya bayan kilomita 50 ka sake bin notunan. Farkon kowane wata kuma sauke ta mai faci ya sa mata geji, ka ɗiga baƙin mai a zaren ƙusar kejin kafin ka mayar.